A Fara Sanyaya Shi Kafin A Nufi Asibiti

Yau da malaman wasanni nake, da shugabannin makarantu, da iyayen da 'ya'yansu ke buga ƙwallo ko tsere.

A ranar 29 ga watan Mayun 2018, wani ɗalibin Jami'ar Maryland ta Amurka mai suna Jordan McNair, ɗan shekara 19, ya galabaita yana tsaka da atisayen gudu. An fi sa'a guda kafin a kira motar asibiti, ba a kuma tsoma shi cikin ruwan sanyi ba. Da aka isa asibiti, zafin jikinsa ya kai digiri 41. Har dashen hanta aka yi masa, amma ranar 13 ga Yuni rai ya yi halinsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a wurin akwai kuɗi, akwai kayan aiki, akwai ƙwararru. Jinkiri ne ya yi ɓarna.

To ina ga mu, da bazara ke kai Sakkwato da Maiduguri da Yamai sama da digiri 40, ga yara suna gudu a fili ba ko inuwar bishiya?

Jiki da gumi yake sanyaya kansa. In gudu ya yi tsanani har zafin ya fi ƙarfin gumin, sai cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda su soma lalacewa, wannan shi ake kira bugun zafi. Shi ya sa alamar da za a fi lura da ita a hankalin yaro take: ya kama tangaɗi, ko sambatu, ko faɗa babu dalili, ko ya yanke jiki ya faɗi. Kada a ce ragwanci ne, kada a ce iskokai ne. Kada kuma gumin da ke jikinsa ya yaudare ku, mai bugun zafi yana iya jiƙewa sharkaf.

Nan take a kai shi inuwa, a cire masa riga da takalmi. In akwai babban baho, a cika da ruwa da ƙanƙara a tsoma shi zuwa wuya, wani na tallabe da kansa. In babu, a yi ta kwara masa ruwan randa ko na leda, ana yi masa fifita, ana sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi. Wani ya tafi neman mota, amma sanyayawar ba ta tsayawa, ko a kan hanya. Likitocin wasanni sun tabbatar cewa wanda aka sauke wa zafin cikin minti 30 na farko da wuya ya mutu. Farasitamol ba ya maganin wannan, kuma wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki.

Malam, don Allah a mai da atisaye sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Yaron da ya dawo daga hutu sai ya yi mako ɗaya zuwa biyu kafin jikinsa ya saba da zafi, saboda haka a bi shi sannu. Hana ruwa a matsayin horo zalunci ne. Mai zazzaɓi ko gudawa ya zauna, mai azumi kada a sa shi gudu da rana, mai jinin AS kuma a bar shi ya huta duk sanda ya nema.

Gobe kafin a busa usur, a tabbatar bahon nan yana gefen fili cike da ruwa.