KIWON TANA DON SAMUN TAKI: AMSA GA MAI SAURARONMU NA KANGIRE

Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga hannun wani manomi a garin Kangire, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta jihar Jigawa. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga abin da yake cewa:

"Ina da ɗan lambu a bakin fadama inda nake noman tumatir da attaruhu da albasa da rani. Kuɗin takin zamani ya fi ƙarfina. Ɗana da ke makaranta ya nuna mani a wayarsa yadda mutanen Indiya ke kiwon tana, suna sayar da kashinta a matsayin taki. Ina da 'yan kuɗi da na tara don in sayi ragon kiwo. Shin in zuba su a wannan sana'a? A ina zan sami irin? Sannan uwargidana ta ce ba ta yarda a kawo mata tsutsa gida ba, kada yara su kwashi cuta."

To malam, mun gode da wannan wasiƙa. Amsa a taƙaice ita ce: je ka sayi ragonka. Kiwon tana gaskiya ne, kuma ana cin abinci da shi, amma jarinsa na farko inuwa ce da ruwa da haƙuri. Ragon ma zai taimake ka, domin kashinsa abincin tana ne. Yanzu sai ka gyara zama ka ji dalili.

Mu fara da uwargida, tunda in ba ta yarda ba babu inda za a je. A gaya mata tana ba danginsu ɗaya da tsutsar ciki ba, kuma ba ita ce kurkunu ba. Kurkunu ta ruwan sha ake ɗaukarsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da shi tun shekarar 2013. Ita tana ba ta cizo, ba ta rayuwa a jikin mutum. Abin da za a kiyaye shi ne kashin dabbobin da ake ba ta: wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, kuma a yi wurin can bayan gida, nesa da madafi da randar ruwa.

To, yaya abin yake aiki? Ita wannan halitta ba ta da ido, ba ta da haƙori, ba ta da huhu. Da fatarta take numfashi, shi ya sa da jikinta ya bushe sai ta mutu. A cikinta akwai wani abu kamar ƙundun kaza da ke niƙa abin da ta haɗiya. Ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu su shiga ta baki, su fito ta baya baƙi wuluk, da laushi kamar garin shayi, ba wari, sai ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko. Wannan shi ne takin. Wani masani ɗan Ingila mai suna Charles Darwin ya rubuta littafi guda a kan aikin tana a ƙasa tun 1881. Ƙasar Kyuba kuwa ta faɗaɗa kiwon ne bayan Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, lokacin da takin zamani ya yanke mata. Ka ga ke nan ba kai ne na farko da tsadar taki ta tura wannan hanya ba.

Sai maganar iri. Ba kowace tana ke kiwuwa ba. Wadda kake gani in kana huɗa, mai launin ƙasa, mai nutsawa can ciki, ƙasa take ci, in ka tsare ta a akwati ba za ta yi maka aiki ba. Wadda ake nema ita ce mai zama sama-sama cikin ruɓaɓɓen abu. Iri biyu ne suka fi shahara a duniya. Akwai 'yar ƙarama ja ta ƙasashen Turai, wadda ta fi son sanyi-sanyi, wajen digiri 15 zuwa 25 a ma'aunin zafi. Akwai kuma babba, ja mai ɗaukar shuɗi-shuɗi da sheƙi, wadda masana ke kira Eudrilus eugeniae, ita ta fi jin daɗi a digiri 25 zuwa 30. Abin da zai ba ka mamaki, malam, wannan ta biyun asalinta 'yar Afirka ta Yamma ce. Daga nan yankin namu aka kai ta Indiya da Filifin, ita ce da yawa daga cikin manomansu ke kiwo. Saboda haka kafin ka aika kuɗi wani gari, jira damina ta zauna, ka tona gindin tsohon juji mai laima, da gindin ayaba, da bayan turken shanu inda ruwa ke kwanciya. Ka tsinci masu jan jiki da zafin nama, waɗanda ke cikin takin kansa. Cike da gwangwanin madara biyu ko uku ya ishe ka gwaji. In ka rasa, ka tuntuɓi malamin gona na hukumar JARDA da ke yankinku.

Haihuwarsu ba ta da wuya. Kowace ɗaya tana da halittar namiji da ta mace, amma sai biyu sun haɗu. Suna ajiye ɗan ƙwai da bai wuce ƙwayar alkama ba, ya ƙyanƙyashe cikin mako biyu ko ɗan fiye, galibi 'ya'ya biyu ko uku su fito. Cikin kamar wata ɗaya da rabi su ma sun isa haihuwa. In wurin ya yi musu daɗi, kaɗan ɗin nan ba za su daɗe ba sun cika shi.

Yanzu ga gina wurin. Nemi inuwa mai kauri, ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya, ko ka kafa rumfar zana. Ka ja ɗan gini da tubali ko bulo, faɗinsa kamu biyu, tsawo kamu huɗu, zurfi kamu ɗaya, kada ya fi haka. Tsohuwar randa da ta tsage ko rabin duro ma sun yi don farawa. A bar ƙofar da ruwa zai tsiyaye ta ƙasa, a kuma ɗaga wurin yadda ruwan damina ba zai shiga ba. A shimfiɗa ɓawon gyaɗa ko yankakken karan dawa kamar taƙi ɗaya a ƙasa, a jiƙa, sannan a zuba abincin a kai, a saki tana, a rufe da tsohon buhun algarara ko ciyawa.

Abincin nan fa akwai sharaɗi, kuma nan ne masu farawa suka fi yin asara. Ɗanyen kashin shanu ko na awaki in an tara shi zafi yake ɗauka, har ka ga tururi. In ka zuba tana a ciki ka dafa ta. Sai ka haɗa kashin da busasshen ganye da ragowar harawa da ƙaiƙayi, ka jiƙa, ka riƙa juyawa har mako biyu zuwa uku. Ranar da ka cusa hannu ka ji ya huce, ya zama abinci. Ragowar ganyen miya, ɓawon kabewa, ruɓaɓɓen tumatir da ake zubarwa a kasuwa, duk suna ci. Abubuwan da za ka nisantar su ne gishiri, da mai, da nama, da barkono, da toka mai yawa, da ɗanyen kashin kaji, domin yana da ƙarfin da ke ƙona musu fata. Haka nan kashin dabbar da aka yi wa allurar tsutsa kwanan nan, a ware shi gefe. Leda da fasassun kwalabe a tsince su tun farko.

Ruwa kuwa shi ne ran sana'ar. Ga gwajin da ba ya bukatar na'ura: damƙi takin a hannu ka matse. In ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne. In ya zubo shar, ya yi yawa, za su shaƙe. In ya warwatse, ya bushe. Ruwan alwala da na wankin ganye sun wadatar, amma ban da ruwan sabulu ko na omo.

To malam, ga inda gizo ke saƙar. Hoton da ka gani a waya ba a Kangire aka ɗauke shi ba. A nan ƙasarmu, cikin watan Maris da Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 40, alhali in cikin takin ya haura digiri 35 tana mutuwa take farawa. Da hunturu kuma iska na busar da wuri cikin yini guda, sanyin dare ya rage musu ci da haihuwa. Saboda haka da bazara sai an yayyafa ruwa safe da yamma, an ninka buhun rufi, an tabbatar rana ba ta leƙa wurin ko da azahar. Sannan ga maƙiya: kaji da zabi, da kwaɗi, da ɓera, da gara, da uwa-uba tururuwa da kwarkwasa, waɗanda kan iya share wurin cikin dare ɗaya. Maganinsu shi ne a zagaye ginin da ɗan lambatu mai ruwa, a rufe sama da ragar waya ko asabari. Kada a fesa maganin ƙwari, domin abin da ya kashe tururuwa zai kashe tana. Wanda zai yi tafiyar cin rani ya bar wurin ba mai kula, gara kada ya fara.

Bayan wata biyu zuwa uku za ka ga saman ya koma baƙin gari. Sai ka daina ba da ruwa kwana biyu ko uku, ka kwashe, ka tara shi tsibi-tsibi a kan buhu inda akwai haske. Tana ba ta son haske, za ta gudu ƙasa. Ka riƙa yaɓe saman a hankali, ka tankaɗe da rariya mai manyan ido, ka mai da tana da ƙwanta cikin sabon abinci. Takin a zuba a buhu a ajiye a inuwa da 'yar laimarsa. Ka sani kuma abin da ka zuba raguwa yake yi, in ka sami rabinsa ka gode Allah.

Yanzu mu zo ga lissafi, tunda kasuwanci ka tambaya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, domin kashi 46 cikin 100 ne. Takin tana kuwa galibi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 yake da shi. Wato sai ka tara wajen buhu 30 kafin ka kamo buhun yuriya ɗaya ta wannan fuska. Duk wanda ya ce maka akwati ɗaya zai ciyar da gonar masara ko ta dawa, bai gaya maka gaskiya ba. Gonar damina tana nan da takinta na gida da ake kaiwa da mangala da amalanke, da ɗan na zamani gwargwadon hali.

Amfanin takin tana yana wani wuri ne. Yana sa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa, yana saki a hankali, ba ya ƙona saiwa. Saboda haka wurinsa shi ne inda ake bukatar kaɗan mai kyau: wurin renon irin tumatir da attaruhu da albasa, inda ake haɗa kashi ɗaya na taki da kashi uku ko huɗu na ƙasa, da ramin dashe, cike da hannu ɗaya a kowane gindi, da ledar renon mangwaro da gwaiba da zogale. Masu sayenka ke nan: 'yan lambu irinka, da masu renon itatuwa, da matan da ke shuka ganye a buhu cikin gida, da masu furanni a Dutse da Kano. Ita tanar kanta masunta na sa ta a ƙugiya, masu kiwon tarwaɗa da kaji ma suna so.

Sai dai fa mutanenmu ba su saba sayen wannan taki ba. In ka kai shi kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara yau, za a ce ƙasa ka tankaɗo. Gani ya kori ji. Shawararmu ita ce shekarar farko kada ka sayar da ko mudu. Raba wurin renonka biyu, ɗaya da takin tana, ɗaya yadda ka saba, iri ɗaya, rana ɗaya, ban-ruwa ɗaya. Ka kira maƙwabtan lambu su gani da idonsu. In bambanci ya fito, su za su tambaye ka, sai ka fara da mudu da kwano, ka sa kuɗin da ka san ya biya wahalar ɗiban ruwa. In bai fito ba, ba ka yi asarar komai ba sai guminka, ragonka kuma yana nan a turke.

Gargaɗi na ƙarshe. In wani ya zo ya ce ka sayi iri a wurinsa da tsada, shi kuma zai riƙa saye duk abin da ka haifar, ka riƙe aljihunka. An yi irin wannan a Amurka cikin shekarun 1970, mutane da yawa suka zuba kuɗi, masu alkawarin suka ɓace, aka bar su da akwatunan tsutsa. Zafin nema ba ya kawo samu.

Saboda haka malam, ka fara da randa ɗaya a wannan damina. In tanarka ta ƙetare hunturu ta ƙetare bazara da ranta, to ka iya kiwon, sai ka ƙara gini na biyu. Muna kuma roƙonka ka sake rubuto mana bayan ka cire irin tumatir, ka gaya mana abin da ka gani, don sauran manoman Birnin Kudu da Gwaram su amfana. A gai da uwargida da ɗan makaranta da ya kawo wannan magana.

Jama'a, nan za mu dakata. Mai tambaya a kan noma ko kiwo ya aiko da wasiƙarsa kamar yadda aka saba. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.