Ruwan Salanta da Masu Bincike daga Jami'a



Duk wanda ke zaune a Sharada ya san warin rafin Salanta. Kamfanonin jima suna amfani da sinadarin kromiyam don fata ta daɗe, sauran ruwan kuma ya gangara ta Salanta zuwa kogin Challawa. Na Bompai yana bin Getsi ya faɗa Jakara, inda ake noman rani. Malaman Jami'ar Bayero da ɗalibansu sun sha auna wannan ruwa da ƙasa da kayan lambu, sun kuma samu kromiyam da dalma a ciki. Dalma ce ta fi tayar mana da hankali, domin ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa: yaro yana wasa lafiya lau, amma karatu ya ƙi zama, mu kuwa sai mu ce daƙiƙi ne, har a kai masa bulala. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400, kuma gwajin jini ne ya tona asirinta.

To, amma idan mai farar riga ya ce zai ɗebi jinin yaro, gaban uwa sai ya faɗi. Ba mu ga laifinta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, iyaye da yawa kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa mutane suka guji allurar shan inna a 2003, yara suka shanye a banza.

Saboda haka ba korar masu bincike za mu yi ba, ba kuma hannu za mu miƙa ido rufe ba. Tun 2007 Nijeriya tana da ƙa'idar binciken lafiya. Ku tambaye su takardar amincewar kwamitin jami'arsu ko na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Su yi bayani da Hausa kafin kowa ya dangwala yatsa. Wanda ya ƙi, ya ƙi, ba a hana shi magani don haka. Abin da aka fi mantawa kuma: yaushe za su dawo mana da sakamako? Kundin da ke kwance a ɗakin karatu na jami'a ba zai gaya wa uwa rijiyar da za ta daina ɗiba ba.

Muna roƙon zumuntar mata da mai unguwa su ba mu mutum biyu-biyu da za su riƙa zama da duk baƙon da ya zo da kwalba ko allura.