Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Kan Girman Nonon Namiji, Da Giya, Da Wiwi

Maganar da aka kawo nan Kuyello tana da nauyin faɗa, amma nauyinta bai hana ta zuwa zauren Hakimi ba. Akwai maza waɗanda ƙirjinsu kan tasa kamar na budurwa. Waɗansu kan haƙura, su yi ta sa riga biyu ko da bazara. Waɗansu kuwa kan sayar da akuya ko buhun masara su tafi Kaduna ko Shika a yi musu fiɗa. Bayan sun komo sai tambaya ta taso: in mutum yana shan giya ko wiwi, abin zai sake fitowa?

Kowane namiji yana da 'yar tsokar nono a ƙarƙashin kan nononsa, tana kwance ba ta aiki. Jikinsa kuma yana sarrafa sinadari iri biyu, na maza mai yawa, na mata kaɗan. Muddin na maza ya rinjaya, tsokar ba ta motsi. Ran da ma'auni ya karkata, sai ta tashi. Likitan fiɗa kuwa bai cika kwashe ta duka ba, ya kan bar ɗan kaɗan don kada kan nonon ya lotsa. Abin da aka cire ya tafi ke nan. Ragowar ita ce abin lura, gama kamar kututture ta ke a gonar da aka sassabe, in ya sami ruwa sai ya yi toho.

Zancen giya ba shi da gardama, ko burukutu ce, ko ta kwalba. Yawan shanta yana rage sinadarin maza a maraina, yana kuma cin hanta. Hanta kuwa tana cikin masu rage sinadarin mata a jini, in ta lalace sai ma'auni ya karkata. Ga kuma ƙiba, domin kitse da kansa yana juya sinadarin maza ya zama na mata, kuma ya kan taru a ƙirji ya yi kama da nono. Sabo da haka wanda aka yi wa fiɗa ya koma ga giya, ya buɗe wa abin ƙofa. In dā ma yana da ciwon hanta irin na B, wanda ya yawaita a ƙasar nan, to nonon shi ne ƙaramin abin da zai dame shi.

Wiwi kuwa labarinta dabam ne. A 1972 waɗansu likitoci biyu na Amurka suka ba da labarin samari uku masu yawan shanta da nononsu ya girma, daga nan zancen ya bazu. A 1977 aka bincika cikin sojojin Amurka, ba a ga bambanci tsakanin masu sha da marasa sha ba. Hujjar da ke ɗora wa wiwi laifin nan ba ta kai ta giya ƙarfi ba, ko kusa. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shanta a Nijeriya sun kai miliyan 10.6. Da kowane mai sha yana yin nono, da ba a bukaci likita ya faɗa ba.

Wannan ba izni ba ne. Doka ta hana, an kuma kafa hukumar NDLEA tun 1989 domin irin wannan. Hayaƙi kuma, na wiwi ko na taba, ba abokin rauni ba ne, kuma wajibi ne mai sha ya gaya wa likita gaskiya kafin a sa shi barci.

Inda abin ya shafi Hakimai shi ne nan. A ƙasar Birnin Gwari sunan wiwi ya haɗu da na mutanen daji, har cewa wane yana sha ta kan zama kamar cewa yana kai musu labari. Ƙirjin mutum ba shaida ba ne. Yaro mai tashen balaga ya kan yi nono, galibi ya baje da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Tsoho ma ya kan yi. Magungunan asibiti irin su spironolactone da efavirenz su kan kawo shi, kuma bai kamata a bar shansu ba sai da umurnin likita. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan ban tausayi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an ga fursunonin da suka sha yunwa sun yi nono sa'ad da suka koma cin abinci sosai, daga baya ya baje. Mutumin da ya yi watanni a hannun ɓarayi a daji yana iya gamuwa da haka bayan ya komo gida. Bai kamata a ƙara masa zargi bisa wahalar da ya sha ba.

Malamin Hakimi da zai rubuta wa mutum takarda zuwa asibitin Birnin Gwari, sai ya tambaye shi a kaɗaice, ba a gaban fadawa ba. Ya rubuta lokacin da abin ya soma, ko gefe ɗaya ne ko biyu, da magungunan da ya ke sha, har da na masu talla a kasuwa, sa'an nan ya liƙe takardar. Wanda aka yi wa fiɗa kada ya firgita da kumburi ko taurin tabo a watannin farko, su kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin su kwanta. Amma ƙululu mai tauri a gefe guda, ko jini daga kan nono, ko kumburi a maraina, waɗannan ba a jiran kaka da su, gama namiji ma ya kan yi sankarar nono. Irin wannan a sa shi a mota ran kasuwa mai zuwa.