Abin da Farce Ke Faɗa a Kan Cutar Femfigus

Shugaban taro, malamaina likitoci, ma'aikatan jinya, ɗaliban likitanci na Jami'ar Garwa, iyayenmu masu unguwanni:

Maganata ta yau a kan farce ce, wanda wasunmu ke kira ƙumba ko akaifa, da shaidar da yake bayarwa a wasu cututtukan fata masu sa bororo. Babbarsu ita ce femfigus.

Fatar mutum gini ce. Ƙwayoyinta su ne tubala, akwai kuma wani sinadari mai suna desmogilin da ke zaman lakar da ke riƙe su. A femfigus, garkuwar jiki ce ke ruɗewa ta afka wa wannan laka. Tubala su rabu, ruwa ya taru, bororo ya tashi ya fashe, fata ta sale kamar an ƙone. Wasu masana biyu, Beutner da Jordon, su suka gano haka a Amurka a 1964. Ga fiye da rabin masu femfigus, ciwon daga baki yake farawa: gyambo a dasashi da cikin kunci, har kunu ya gagari mutum. Tana da 'yar'uwa, femfigoyid, wadda Walter Lever ya bambance ta da ita a 1953. Ita ta fi kama tsofaffi, da ƙaiƙayi mai tsanani da bororo mai tauri wanda ba ya saurin fashewa. Babu ɗaya cikinsu da ake ɗauka a kwano ko shimfiɗa. Ba kuturta ba ce, ba kuma sammu ba ne.

To ina ruwan farce? Farce daga fata yake tsirowa, a wata saiwa da ke ɓoye a gindinsa, kuma lakar nan tana can. Abin da aka fi gani shi ne kumburin gefen farce: wurin ya yi suntum, ya yi zafi, yana tsattsafo ruwa, galibi a yatsu da dama lokaci guda. Na biyu, wani kwari da ke ratsa farce daga gefe zuwa gefe, wanda likitan Faransa Joseph Beau ya bayyana a 1846. Na uku, farce ya ɗago daga gindi ya fita gaba ɗaya. Na huɗu, jini ya kwanta a ƙarƙashinsa ya yi baƙi ba tare da an buge ba. Akwai kuma wani nau'in cutar bororo da ke barin tabo, wanda in ya cinye saiwar, farcen ba ya sake fitowa.

Ɗalibai, ku riƙe wannan lissafin. Farcen hannu na tsirowa kusan milimita 3 a wata. In ciwo ya tsananta, saiwa ta tsaya da aiki, shi ne kwarin nan ke samuwa, sannan ya riƙa matsowa gaba. In kun auna kuka samu milimita 6 tsakaninsa da gindi, ciwon ya tashi wajen wata biyu zuwa uku da suka wuce. Kwari biyu a farce guda, tashi biyu ke nan. Manomin auduga da ya zo daga Fitowa ko Gidar ba da takarda a hannu ba, farcensa ya ishe ku tarihi. Abin da ya fi wannan muhimmanci, kumburin gefen farce yakan riga bororo fitowa, ko ya zama alamar ciwon zai dawo ga wanda ya samu sauƙi.

A nan muke yin asara. Yatsa ya kumbura, sai a ce ɗan karkare ne. A kai wa wanzami ya tsaga, ko mai yankan farce a kasuwa ya sa aska ya ƙwaƙule. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyin cuta su bi ta wannan rauni su kai ga jini. Ɗan karkare yatsa guda yakan kama, kuma ba ya zuwa da gyambon baki. Ga kuma zafin Garwa a Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. Mutumin da fatarsa ta sale, bakinsa kuma ya hana shi sha, ruwan jikinsa na iya ƙarewa cikin 'yan kwanaki.

Game da iyayenmu mata, lalle yana rufe launin farce, jinin da ya kwanta ba zai fito fili ba. Ku kai hannun wurin haske, ku bi farcen da babban yatsanku, kwarin zai faɗo muku. Daga nan ku duba baki, ku murza fata kusa da bororo a hankali. In ta zame, alamar Nikolsky ce. Ku kankaro ɗan abin da ke gindin bororo ku duba a madubin likita, gwajin da Tzanck ya fito da shi a 1947. Tabbaci kuwa sai an yanki ɗan guntun fata an kai ɗakin gwaji.

Magani akwai. Kafin zuwan kotizon a shekarun 1950, kusan uku cikin huɗu na masu femfigus mutuwa suke yi. Yau adadin bai kai ɗaya cikin goma ba a inda ake samun kulawa. A wani bincike da aka yi a Faransa, aka buga a 2017, kashi 89 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa kotizon da allurar rituksimab sun warke har sun daina shan magani bayan shekara biyu. Masu kotizon kaɗai kuwa kashi 34 ne. Amma waɗannan magunguna suna rage garkuwar jiki, don haka dole a fara auna sukari da hawan jini, a binciki tarin fuka da ciwon hanta, wanda ya yi yawa a yankinmu. Shan ƙwayar sha-ka-fashe da aka saya a tebur yana lafar da bororo na ɗan lokaci, ya ɓoye cutar, ranar da aka daina ta dawo da ƙarfi. Da zarar an shawo kan cutar, farcen hannu yakan sabunta cikin wata 6, na ƙafa shekara guda ko fiye.

Roƙona gare ku shi ne wannan. Ma'aikatan ƙananan asibitoci, duk wanda ya zo da gyambon baki da ya wuce mako uku, ku kama hannunsa ku duba farce goma, ku sa ya cire takalmi. In baki da fata da farce suka haɗu, kada ku tsaga, ku tura shi Asibitin Yanki na Garwa a nemi likitan fata. Masu unguwanni da limamai, ku sanar da jama'a kada a ware wa mai wannan ciwo kwano, kada a saki mace saboda shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.