Yankan kwano kusa da rufi da inji



Yau maganarmu bisa yankan kwano take. Shaguna da ɗakunan injin niƙa da yawa, da kwano ake yi musu bango. Wani lokaci kwanon bango ya kan yi tsawo, har shi tokare rufi. Sai mai aiki shi hau tsani da inji mai faifai, wanda ke aiki da lantarki, don shi rage shi. Nan haɗari yake.

Shawararmu ita ce: ku auna, ku ja layi, ku yanke kwano a ƙasa tun ba a kafa shi ba.

Don mi? Ƙaramin faifai mai faɗin milimita 115 yana juyawa wajen sau 11.000 cikin minti guda. In ya maƙale cikin kwano, inji ya kan zabura. Wanda ke bisa tsani ba shi da wurin kaucewa.

Na biyu, tartsatsi na tafiya nesa. Da rani, in ya sauka bisa zana, ko kara, ko rumbu, ko kwalbar man fetur, gobara ta tashi.

Na ukku, zafin faifai na ƙone farin shafin da ke hana kwano tsatsa. Ɓarɓashin ƙarfe kuma in ya kwanta bisa rufi, da ruwan farko sai shi yi tsatsa. Almakashin kwano ba ya ƙone komi.

In ya zama dole a yanka a sama, ga abin yi:

1. Ku duba bayan kwano. Wayar lantarki ta NIGELEC tana ɗauke da wuta mai ƙarfin 220. Tana kisa.
2. Ku ɗaure tsani, wani shi riƙe shi.
3. Ku riƙe inji da hannu biyu. Kada ku cire murfin faifai.
4. Ku sa tabarau na aiki. Ku tuɓe babbar riga da rawani.
5. Ku kauda yara da bisashe. Ku aje bokitin rairayi kusa.
6. In kun ƙare, ku share rufi.

In ɓarɓashi ya shiga ido, kada a murza, kada a tono da tsinke. A rufe idon da tsumma mai tsabta, a tafi likita mafi kusa, ko asibitin Galmi.

Wanda ya karanta, shi karanta ma wanda bai iya ba tukuna. Allah shi kiyaye mu.