Jawabi A Kan Filen Mai Lanƙwasa

Yau zan yi muku magana a kan wani ƙarfen aiki na kafinta wanda ba kowa ya taɓa gani ba.

Kun san filen, watau abin da kafinta ke turawa bisa katako don ya share shi ya yi sumul. Tafinsa a miƙe ya ke, saboda haka ba shi da amfani sai a kan miƙaƙƙen katako. To, bakin tebur mai da'ira fa? Ko saman ƙofa mai kama da baka, ko ƙafar keken doki, ko haƙarƙarin jirgin ruwa? Domin irin waɗannan a ka ƙera filen mai lanƙwasa. Tafinsa ƙarfe ne marar kauri, mai tsauri, yana tanƙwaruwa ya koma kamar bakan maharbi.

Da fari na itace a ke yi, kowane ɗaya da lanƙwasarsa, sai kafinta ya tara su da yawa. A shekara ta 1877 kamfanin Stanley na Amurka ya fitar da na ƙarfe mai lamba 113, wanda a ke iya sāke lanƙwasarsa. A 1897 ya ƙara wani mai lamba 20. Tsawonsu wajen inci 10, fāɗin wuƙarsu inci 1 da rubu'i uku. An daina ƙera waɗannan biyu tuntuni, amma tsofaffinsu suna nan a hannun masu sana'a.

Abu na farko shi ne kaifi. Ka zare wuƙar, ka wasa bayanta a kwance bisa mawashi har ya yi ƙyalli. Sa'an nan ka wasa bakinta a karkace, wajen digiri 30. In ta aske gashin hannunka, ta yi. Akwai wani ƙarfe da ke kwance a kan wuƙar, aikinsa karya sassaƙe kafin ya tsaga katako. Ka ɗaura shi kusa da baki ƙwarai, tazarar kada ta wuce kaurin farce. Ka ɗaga su wajen haske: in ka hangi kafa tsakaninsu, sassaƙe zai cushe a nan, filen ya ƙi ci.

Abu na biyu shi ne daidaita tafin. Ka zana lanƙwasar da ka ke so bisa katako da fensir. Ka yanke da zarto, ka bar ɗan saura a bayan zanen. Filen ɗin nan ba gizago ba ne, gyara a ka yi shi dominsa. Yanzu ka ɗora shi a kan zanen, ka riƙa murɗa dunƙulen da ke samansa, har tafin ya bi zanen. In wurin mai kwarmi ne, ka ƙara lanƙwasar kaɗan ƙwarai, don kada gaba da baya su tokare wuƙar ta rataya. In mai doro ne, ka sassauta kaɗan. Wuƙar kuwa kada ta leƙo da yawa. Sassaƙen da ya kamata ya fito shi ne wanda bai fi takarda kauri ba.

Abu na uku shi ne turawa, a nan kuwa mutane ke faɗuwa. Itace yana da jijiya wadda ta kwanta gefe guda, kamar gashin akuya. In ka shafa akuya daga wuya zuwa wutsiya gashin ya kan kwanta, in ka komo da hannu sai ya tashi. Haka katako ya ke. Saboda haka kullum gangara za ka yi. A kan doro, ka fara daga tsakiya ka gangara dama, ka komo tsakiya ka gangara hagu. A cikin kwarmi, ka fara daga kowane baki ka gangara zuwa tsakiya, ka tsaya. Kada ka karkata filen kamar yadda a kan yi da miƙaƙƙe, gama karkatarwa tana sāke lanƙwasar, aikin ya fita daga zane.

Ni kaina na sha wannan. Ina yaro a hannun maigidana, a ka kawo aikin tebur mai da'ira na katakon maɗaci. Gaggawa ta sa na zarce tsakiya na hau tudu. Wuƙa ta kama jijiya, ta ɓantare guntu kamar yatsa. Ba abin da zai mayar da shi. Tilas a ka rage fāɗin tebur duka, mai shi kuma ya rage kuɗin. Maigidana bai buge ni ba, amma wata uku bai sāke ba ni filen ɗin ba, wannan kuwa ya fi mini bulala zafi.

In kun ji filen yana tsalle yana barin tabo jere, ɗayan uku ne: ko wuƙa ta dakushe, ko ta leƙo da yawa, ko tafin bai zauna ba. Ku tsaya ku duba, kada ku ƙara ƙarfi. Ku goga ɗan kyandir a tafin don ya yi santsi. In an tashi aiki, ku kwance dunƙulen tafin ya miƙe ya huta, ku shafa mai saboda tsatsa, tun ba da damina ba.

Wanda ya sami irin wannan filen, kada ya fara da katakon mutane. Ya nemi guntun da a ka yar, ya yi ta gwadawa har hannunsa ya saba. Gobe zan zo da nawa, kowa ya riƙa ya tura da kansa. Mu kwana lafiya.