Ciki Amana Ne: Nasiha a Kan Buɗa Baki da Sahur

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya ciyar da mu, ya shayar da mu, ya kai rayukanmu wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

  Darasinmu na yau a kan ciki ne, da yadda ya kamata Musulmi ya sa hankalinsa a kan abin da yake zuba masa.

Mu dubi halinmu da idon gaskiya. Mukan wuni da ƙishirwa saboda Allah, har a shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara, zafi a Tawa da Damagaram ya haura digiri 40. Amma ladan na ɗaga murya sai mu auka wa ruwan ƙanƙara, mu bi da zoɓo da lemu, mu dora ƙosai da fanke a kan kunu, kafin ya sauka an kawo tuwo. Lokacin asham na yi, wani ya kasa tashi daga tabarma. Wanda ya daure ya je masallaci, sai gyatsa da gyangyaɗi, liman yana karatu shi yana lissafin raka'o'in da suka rage. Haka wata zai ƙare, wani ya wayi gari ranar Salla ya fi yadda ya shiga azumi nauyi. Kuɗin cefane ya ninka, ƙarfin ibada ya ragu.

Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta mana ci da sha, ya kuma hana mu wuce iyaka a aya guda, ita ce ta 31 a Suratul A'araf. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fayyace mana iyakar a hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito. Ma'anarsa ita ce, babu mazubin da cika shi ya fi sharri kamar ciki, kuma ƴan lomomi sun wadatar wajen miƙe bayan mutum. In kuwa ba makawa, to a kasa cikin gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ba wanda zai iya wannan rabo sai mai lura da cikinsa a lokacin da yake ci. Wanda idonsa ke kan waya, ko hankalinsa ke kan gardamar majalisa, ba zai san ya wuce sulusi ba sai ya ji numfashinsa yana sama-sama.

Wannan ladabi yana cikin littafin da muke karantawa a zaurukanmu. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ware babin ci da sha a cikin Risala. A nan ya karantar da mu mu fara da sunan Allah, mu ci da dama, mu ci abin da ke gabanmu. Ya hana ɗaukar loma kafin a gama da wadda ke baki. Ya yi umurni a tauna abinci sosai kafin a haɗiye, a kuma sha ruwa kurɓi-kurɓi, ban da kwankwaɗa. Yau likitoci suna gaya mana cewa saƙon ƙoshi yakan ɗauki kimanin minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Ke nan wanda ya share akushi cikin minti biyar ya riga ya ƙoshi bai sani ba, har ya ƙara. Mai tauna a natse shi ne zai ji lokacin da ciki ya ce ya isa.

Shi ya sa sunnar buɗa baki take cike da hikima. Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, ya ba da labarin cewa Annabi yakan buɗe baki kafin salla da ɗanyen dabino, in babu sai busasshe, in babu sai ƴan kurɓin ruwa. Mu ma mu yi haka. Mu ci dabino, mu kurɓi ruwa, mu tashi mu yi Magariba. Kafin mu sallame zafin yunwa ya karye, sai mu zauna wa abinci da hankalinmu a jikinmu. A lokacin ne mutum yake iya rarrabe yunwa da kwaɗayi. Yunwa takan lafa da abin da ya samu, ko da dambu ne da zogale. Shi kuwa kwaɗayi, ko ciki ya cika ido yana kan kwanon maƙwabci.

Ƴan'uwa, mu kula da sukari da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a wuni ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali goma sha biyu, in ya tsaya a rabin haka ya fi. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5. To mu ƙirga abin da ke cikin kunu, da zoɓo, da butar shayin da matasanmu ke kewayewa har tsakar dare, zagaye uku kowanne da sukarinsa. Iyayenmu mata, Allah ya saka muku da alheri a kan wuni da kuke yi gaban murhu da azumi a bakinku. Muna roƙon ku rage hannu wajen gishiri da dunƙulen magi da mai, domin hawan jini, wanda muka fi sani da tansiyo, yakan daɗe a jiki ba tare da ya yi sallama ba.

Sahur ma mu ba shi haƙƙinsa, mu jinkirta shi kamar yadda sunna ta koyar. Fura da nono, tuwon gero, wake da ganye suna daɗewa a ciki, suna riƙe mutum fiye da kayan zaƙi. Ruwa kuwa a raba shi tsakanin Magariba da asuba, kada a tara shi a zuba lokaci guda. Jiki yana da alamun da yake nuna mana. Fitsarin da ya yi ja sosai alama ce ta ƙarancin ruwa. Mai ciwon sukari idan ya ji makyarkyata, da zufa mai sanyi, da jiri, da duhun gani, to kada ya ce zai daure har faɗuwar rana. Ya sha ruwa, ya nemi likita. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, kuma karɓar rangwame biyayya ce. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da tsoho mai rauni, su tambayi likita a kan jikinsu, su tambayi malami a kan hukuncinsu.

Mu tuna Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi. Yana saurayi ya ɗauki azumi kullum da tsayuwar dare duka. Annabi ya kira shi ya sanar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, ya sassauta masa. Da tsufa ya zo, sai Abdullahi ya riƙa fatan da ya karɓi sassaucin. Idan an hana mu zaluntar jiki da yawan ibada, ina ga zaluntarsa da yawan ci?

Ƙarfin jiki abin nema ne a addini. Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah a kan mai rauni, ko da yake kowannensu yana da alheri. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya yi tsere da Uwar Muminai A'isha har sau biyu. Saboda haka kowannenmu ya ƙulla wa kansa niyya gwargwadon halinsa. Wani burinsa ya tsaya tahajjud a goman ƙarshe gwiwa ba ta gaza ba. Wani likita ya umurce shi ya rage teɓa. Manomi yana son damina ta same shi da ƙarfin riƙe hauya. Masu dako da ƴan garuwa aikinsu ya ishe su motsa jiki, su abin da suke bukata sahur mai kyau ne da inuwa idan rana ta take. Amma mai zaman ofis ko kanti, wanda babur ke kai shi ko'ina, ya sani masana lafiya sun ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ya ajiye babur ya taka zuwa asham da ƙafa, ya samu lada a kan kowane taku, ya kuma samu lafiya.

Ga ma'auni mai sauƙi da za mu gwada tun daren nan. Idan muka tashi daga akushi muna iya ruku'u da sujada ba tare da nishi ba, to mun ci daidai. Abin da muka rage kuwa kada ya kwana a tukunya ya lalace. A unguwarmu akwai gidan da za a kira Magariba ba a ɗora komai ba, akwai marayu, akwai almajirai, akwai matafiya a tasha. Sulusin da muka hana cikinmu ya isa ya zama buɗa bakin wani, mu samu kwatankwacin ladan azuminsa. Idan wata ya wuce kuma mu riƙe wannan ladabi, mu ƙarfafa shi da Sittu Shawwal da azumin Litinin da Alhamis.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa albarka a abin da ya azurta mu da shi, ya tsare mu daga ɓarna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya sa muna cikin ƴantattun bayinsa.